Gawarwakin Jirage A Tsibirin Jojiya Ta Kudu

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, abin da ruwa ya ɓoye rani kan tona shi. A wannan maƙala za mu leƙa wani tsibiri da ke can ƙuryar kudancin Tekun Atilantika, inda wasu jiragen masunta guda uku suke kwance a bakin gaɓa, tsatsa tana cinsu. Manufarmu ita ce mu bi sawun yadda aka yi suka je can, da dalilin da ya sa aka yasar da su, da kuma zaren da ya haɗa labarinsu da na ƙasarmu.

Tsibirin Da Mashigin Tukwane

Jojiya ta Kudu tsibiri ne mai duwatsu da ƙanƙara, babu itace ko ɗaya a kansa, kuma tsakaninsa da tsibiran Fokland akwai kimanin kilomita 1,400. Ba shi da filin saukar jirgin sama, sai dai a je ta ruwa. Kyaftin James Cook na Ingila ya sauka a can a shekarar 1775, ya raɗa masa sunan sarkinsu, Joji na Uku. Labarin da ya kai gida na yawan wata dabbar teku mai taushin gashi da ake kira sil shi ne ya jawo mafarauta, waɗanda daga baya suka kusa ƙarar da ita. Tukwanen ƙarfen da suka bari, waɗanda suke narka kitse a ciki, su ne asalin sunan Grytviken, wato Mashigin Tukwane.

A watan Nuwamba na 1904 wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Carl Anton Larsen ya kafa masana'antar tatsar man kifin wel a wannan mashigi, da jarin wani kamfani na Ajantina. Shi wel, ko da yake mun saba kiransa kifi, dabba ce mai shaƙar iska da shayar da 'ya'yanta, kuma wani jinsinsa ya fi kowace dabba girma a duniya. Daga 1904 zuwa 1965 an feɗe wel kimanin 175,000 a masana'antun wannan tsibiri kaɗai.

Jiragen Uku

Baƙon da ya sauka Grytviken yau zai tarar da tankunan mai sun yi ja da tsatsa, ga ƙaramar majami'a, ga kuma kabarin Ernest Shackleton, mai binciken ƙasashen ƙanƙara, wanda ya rasu a nan a 1922. A bakin ruwa kuwa jiragen uku ne za su tarbe shi. Na farko shi ne Petrel, wanda aka ƙera a Norwe a 1928, har yanzu da bindigar harba mashi a goshinsa. Sauran biyun, Albatros da Dias, suna jingine da juna kamar tsofaffin abokai da gajiya ta kama.

Dias ne ya fi jan hankalinmu. An ƙera shi a Ingila a 1906 domin wani kamfanin masunta na birnin Hul, wanda ya saba sa wa jiragensa sunayen taurarin wasannin Shakespeare. Sunansa na yanka Viola. Ɗaliban adabi za su tuna da wannan suna a wasan da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu, inda Viola ta tsira daga hatsarin jirgi ta tsinci kanta a baƙuwar gaɓa. Ashe sunan ya bi jirgin. Ya yi shekara takwas yana jan koma a Tekun Arewa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 aka ɗora masa bindiga, ya shiga sintirin farautar jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Bayan yaƙi aka sayar da shi ga mutanen Norwe, aka sauya masa suna har sau biyu, ya yi farautar wel a gaɓar Afirka, sannan a 1927 ya isa Grytviken, inda ya koma jigilar mafarautan sil har zuwa 1964.

Da aka rufe masana'antar a tsakiyar shekarun 1960, babu wanda ya ga ribar jan tsofaffin jirage zuwa gida, sai aka ɗaure su aka yi gaba. A shekarun 1970 nauyin ƙanƙarar da ta taru a kansu ya nutsar da Dias da Albatros a inda suke ɗaure. Sai a 2004 aka tsamo su, aka kwashe ragowar man da ke cikinsu, aka jawo su bakin gaɓa.

Me Ya Haɗa Mu Da Su?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, a farkon ƙarni na 20 masana a Turai suka gano yadda za a daskarar da mai mai ruwa, a kuma kawar da ƙarninsa. Daga nan man wel ya shiga sabulu da man shafa wa burodi, wato tukunya ɗaya ke nan da man gyaɗa da manja. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1919 kamfanin Lever Brothers ya sayi wani kamfanin farautar wel mai masana'anta a Jojiya ta Kudu, a 1920 kuma ya sayi Kamfanin Neja mai sayen amfanin gonar ƙasarmu. Ke nan manomin gyaɗa a Bichi da maharbin da ke tsaye cikin sanyi a goshin jirgi kasuwa ɗaya suke yi wa aiki, ba tare da ɗaya ya san da zaman ɗaya ba.

Abin da ya kashe Grytviken kuwa shi ne nasararta. Da wel ya yi ƙaranci kusa da tsibirin, daga 1925 aka fito da manyan jiragen da ke feɗe shi a tsakiyar teku, ba sai an kawo shi gaɓa ba. Aka yi ta kisa har ya kasance kuɗin fita nema ya fi abin da ake samu. Dokar ƙasa da ƙasa ta dakatar da farautar wel don kasuwanci ba ta fara aiki ba sai a 1986, bayan masana'antar ta yi shekara ashirin da zama kufai.

Kammalawa

A yau sil ya dawo da yawan gaske, har yakan kwanta a inuwar jiragen da suka yi jigilar maharba. A wani binciken da aka yi a 2020 an ga fiye da 50 na mafi girman jinsin wel a kewayen tsibirin, bayan shekaru masu yawa da ganin ko ɗaya yake wuya. Teku ta fara farfaɗowa ne bayan da aka ƙyale ta. Mu da muka ga filin da dalar gyaɗa ta tsaya a Kano ya zama fayau, ba baƙi ba ne ga irin wannan kufai. Darasin da Dias ya bar mana shi ne, duk arzikin da aka ɗebe shi fiye da yadda yake tsirowa, ƙarshensa ƙarfe ne mai tsatsa a bakin ruwa. Allah Ya sa mu gane tun da sauran ruwa a tulu.