Nasara da Mutuwa a Waƙoƙi Biyu na Zamanin Yaƙin Basasar Amurka

Sau da yawa mai nazarin waƙa yakan yi gaggawar jingina jigo ga abin da ya auku a tarihi, ba tare da ya binciki lokacin da aka yi waƙar ba. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna hatsarin yin haka, ta hanyar duba waƙoƙi biyu da suka haɗa nasara da mutuwa, ɗaya ta Emily Dickinson (1830-1886), ɗaya ta Walt Whitman (1819-1892).

An gwabza Yaƙin Basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, kuma batun bauta shi ne tushen rikicin. Sojojin da suka rasu sun kai 620,000 bisa tsohon ƙiyasi, wani bincike na 2011 kuwa ya kai adadin wajen 750,000. Arewa ce ta yi rinjaye, amma rinjaye ne da ya bar makoki a kowace jiha.

Waƙar Dickinson, wadda daga baya aka raɗa wa suna "Success", baiti uku ce masu ɗango hurhuɗu. Jigonta shi ne cewa wanda bai samu nasara ba ya fi kowa sanin daɗinta. Ta warware wannan jigo da hoton sojan da aka ci da yaƙi, yana bakin mutuwa, yana jiyo murnar abokan gaba daga nesa. An fara buga ta a wata jaridar Brooklyn a watan Afrilu na 1864, ba tare da sunan mai ita ba, a daidai lokacin da yaƙi ya yi tsanani. Wanda duk ya karanta ta a ranar zai ɗauka labarin fagen fama ce. Amma fa masana sun nuna cewa tun 1859 aka rubuta ta, wato shekara biyu kafin a fara harbi. Ashe sojan nan alama ce ta duk wanda ya nemi abu ya rasa. Yaƙin da ya biyo baya shi ya ara wa waƙar wata ma'ana ta biyu.

Al'amarin Whitman dabam yake, domin shi ganau ne. A Disamba 1862 ya tafi neman ƙanensa George da aka raunata a Fredericksburg, daga nan ya zauna a Washinton yana ziyartar sojoji majinyata a asibitoci. Ranar 9 ga Afrilu 1865 Janar Lee na Kudu ya miƙa wuya, ranar 14 ga wata aka harbi Shugaba Lincoln, washegari ya cika. Marsiyyar da Whitman ya yi masa a wannan shekara, "O Captain! My Captain!", ta siffanta ƙasar da jirgin ruwa wanda ya iso gaci lafiya, jama'a na shewa, alhali jagoransa na kwance matacce. Ba a ambaci sunan Lincoln a cikinta ba, saboda haka wanda bai san abin da ya faru a makon nan ba zai ɗauke ta kukan wani matuƙi kawai. Abin lura kuma shi ne Whitman, wanda ya shahara da watsi da kari da amsa-amo, ya komo gare su a nan, kuma ita ce ta fi sauran waƙoƙinsa karɓuwa a zamanin rayuwarsa.

Idan muka jera su za mu ga sun yi tarayya a abu guda: duka biyun sun ajiye gawa ko mai shirin zama gawa a tsakiyar bikin nasara, kuma daga wajensa ake auna darajar abin da aka samu. Sun sha bamban ta fuskar dangantakarsu da tarihi. Waƙar Whitman ba ta fahimtuwa sosai sai da Afrilun 1865, ta Dickinson kuwa takan ƙuntata idan aka ɗaure ta da 1864. Don haka ya kamata malami, kafin ya tambayi ɗalibansa jigon waƙa, ya fara sa su bambance shekarar da aka rubuta ta da shekarar da aka buga ta.