Farmaki da Ƙarshen Wasa: Darasi Daga Tarihin Ces

Tun kafin Jamusawa su shigo ƙasar Togo, fataken Hausa masu bin hanyar goro zuwa Salaga sukan yada zango a Didaure, wadda yau take cikin garin Sokode. Waɗansu kuma sukan bi ta Sansanne Mango, kudu da Dapaong. Mai karatu da ya tashi a irin waɗannan zanguna, in ya taɓa zama gefen 'yan dara, ya san yadda wasan yake: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin wasansa. Ya kuma san cewa ba kullum wanda ya fara ci yake tashi da nasara ba. Akwai wani wasa mai kama da dara wanda duniya take gasa a kansa, sunansa ces. Tarihinsa ya tabbatar da wannan magana ta 'yan dara, shi ya sa za mu duba shi.

Ana yin ces a kan allo mai gida 64. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, bishop biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Wanda ya tsare sarkin abokin wasansa har ya rasa mafita, shi ya ci. Wasan ya fito daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, su kuma suka kai shi Turai. A ƙasashenmu ma ba baƙo ba ne. Mutanen fadar Borno suna da nasu da ake kira tsatsarandi, inda 'ya'yan wasan suke ɗauke da sunayen sarauta kamar mai da ciroma da kaigama.

A dā sarauniya ba ta da ƙarfi, gida ɗaya take matsawa. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 aka sāke doka a ƙasar Sipaniya, aka ba ta ikon ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nan wasan ya yi sauri, farmaki ya zama abin sha'awa. Wani limamin Kirista, Ruy Lopez, ya rubuta littafi a kan wasan a 1561, har yanzu kuwa akwai hanyar buɗe wasa da ake kira da sunansa. Zamanin farmaki ya kai ƙololuwa a Landan a 1851, sa'ad da Adolf Anderssen ya kara da Lionel Kieseritzky. Anderssen ya sadaukar da bishop ɗaya, da hasumiyoyinsa biyu, da sarauniya kanta, sa'an nan ya tsare sarkin abokin wasansa da 'yan ƙananan 'ya'yan da suka rage masa. Mutanen lokacin suka ɗauka haka gwani yake wasa.

Wilhelm Steinitz ne ya sāke wannan tunani. Ya lura cewa yawancin irin wannan farmaki yana cin nasara ne domin mai tsaron gida bai iya tsaro ba. Ya koyar cewa kada mutum ya kai hari sai ya tara ƙananan riba tukuna: dakarunsa a jere da kyau, 'ya'yansa duka sun fito, sarkinsa a ɓoye. A 1886 ya kara da Johannes Zukertort a Amurka, a gasar farko ta zakaran duniya. Zukertort ya ci huɗu daga cikin wasanni biyar na fari. Amma da aka kai ƙarshe, Steinitz ya ci 10, Zukertort 5, aka yi kunnen doki 5.

Bayansa Jose Raul Capablanca na ƙasar Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, ya shawarci masu koyo su fara da ƙarshen wasa kafin su koyi farkonsa. Dalili kuwa shi ne, in 'ya'ya sun ragu, al'amura sukan juya. Sarkin da ake ɓoyewa dole ya fito fili ya yi aiki. Dakare kuma, mafi ƙanƙanta a allo, in ya kai layin ƙarshe sai ya zama sarauniya. A Niyok a 1924 Capablanca ya nuna wannan a wasansa da Savielly Tartakower. Kowannensu ya rage da hasumiya ɗaya da dakaru. Capablanca ya bari aka ci dakarunsa biyu, domin sarkinsa ya sami hanya ya kutsa cikin gidan abokin wasansa. Da sarki da hasumiya da dakare ɗaya suka haɗa ƙarfi, Tartakower bai iya tsayawa ba.

Ba a daina gardama a nan ba. A 1960 wani saurayi daga Riga, Mikhail Tal, ɗan shekara 23, ya ƙwace kambin duniya daga Mikhail Botvinnik a Masko da farmaki mai rikita tunani. Botvinnik, wanda ya kusa shekara 50, ya koma gida ya nazarci wasannin Tal. Da suka sāke karawa a 1961, ya riƙa jan wasa zuwa inda 'ya'ya suka ragu, inda haƙuri da lissafi suke aiki. Gaskiya ne Tal yana fama da ciwon ƙoda, duk da haka ratar ta yi yawa: Botvinnik ya sami maki 13, Tal 8. A 2021 kuma, a Dubai, Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi suka yi kunnen doki sau biyar. A wasa na shida Carlsen ya matsa har motsi 136, kusan awa takwas, kafin ya ci. Abokin karawarsa bai farfaɗo ba, ya sāke faɗuwa sau uku.

Kada mai karatu ya ɗauka farmaki laifi ne. Steinitz kansa ya koyar cewa wanda ya sami riba dole ya kai hari, in ba haka ba ribar za ta zube. Abin da tarihin ya nuna shi ne, gwani yakan kai hari yana sane da irin ƙarshen da harin zai kai shi.

Ya ɗan'uwa, wannan ya shafe mu a cikin ikkilisiya. A Luka sura 14 Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai gini da bai lissafta kuɗin gamawa ba, da na sarkin da ya kamata ya auna rundunarsa kafin ya fita yaƙi. Sau nawa muka ga an yi taron bishara na kwana uku da ganguna, mutane suka ba da gaskiya, amma ba wanda ya koma ya koya musu karatun Littafi Mai Tsarki? Sau nawa aka kafa harsashin majami'a, ciyawa ta rufe shi? Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. In dattawan ikkilisiya za su shirya wani aiki, bari su fara tambaya wa zai riƙe shi bayan baƙi sun watse, da kuma ina za a sami abin gama shi. Kada kuma su raina ƙananan masu bi, yaran makarantar Lahadi da matan zumunta, gama sau da yawa su ne suke kai aikin ƙarshensa. Ubangiji ya ba mu haƙurin gama abin da muka fara.