Kaset Ɗin da Ake Gogewa a Sake Zuba Wasa: Daga Japan Zuwa Gindin Zuma

Makon jiya a wani shagon masu turi da ke hanyar Madalla, daf da Dutsen Zuma, gardama ta kaure tsakanin mai shagon da wani dattijo da ya kawo memorin jikansa a zuba masa gem. Dattijon ya ce sana'ar ba ta da asali, wayar hannu ce ta haife ta jiya-jiya. Mai shago ya ce, "Haba Baba, ai ko Turawa sun yi ta." Na tsoma baki na ce gaskiyarsa, sai dai Japanawa ne suka fi daɗewa a kanta.

A farkon shekarun 1980 wasu ƙananan kamfanoni a Amurka, irin su Romox, sun gwada ajiye na'ura a kanti, ka kawo kaset ɗinka a goge tsohon wasa a zuba sabo. Durƙushewar kasuwar gem ta 1983 ta tafi da su.

Nintendo ne ya mayar da abin kasuwanci. A watan Fabrairun 1986 ya fito da Famicom Disk System, ya kuma girke na'urorin Disk Writer a shagunan Japan. Yaro zai miƙa faifansa da yen 500, ya koma gida da sabon wasa, alhali sabon kaset ya ninka wannan kuɗi sau da yawa. An ci gaba da yi wa mutane wannan aiki har 2003. Galibi ana cewa arhar faifai ce dalili. Ban ƙi ba, amma ni doka nake ɗora wa alhaki. A 1984 Japan ta gyara dokar haƙƙin mallaka ta yadda ba a ba da hayar irin waɗannan kaya sai da yardar mai su, kamfanonin gem kuwa suka ƙi yarda. Tunda an toshe ƙofar haya, dole a buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi taga.

A Amurka haya halal ce. Nintendo ya kai kamfanin shagunan haya na Blockbuster kotu a 1989, amma a kan kwafe littattafan bayanin wasa, kuma wata dokar ƙasar ta 1990 ta bar kaset ɗin gem cikin abin da ake iya bayarwa haya. Ciwon kan Blockbuster daban ne: sabon wasa ya fito, kowa shi yake so, kwafin da ke shago duk an ɗauke. Shi ya sa a 1994, tare da IBM, suka gwada Game Factory a garin Columbia na jihar South Carolina, inda ake zuba wasannin Sega Genesis a kaset wayam nan take. Gwajin bai yi nisa ba.

Masu cewa intanet ta kashe shi sun manta yadda intanet take a 1994. Masu cewa faifan CD na PlayStation ne sun fi kusa da gaskiya. To amma a 1997, CD na tashe, Nintendo ya sake buɗe wannan harka a kantunan Lawson na Japan da sunan Nintendo Power, kaset ɗaya na ɗaukar wasanni har bakwai, kuma ta rayu zuwa 2007. Inda babu shagon haya ta yi shekara goma, inda yake akwai ta mutu a jaririya.

Mu nan Suleja ba mu taɓa ganin waɗannan na'urori ba. Abin da ya iso mana shi ne kaset mai ruwan ɗorawa, an rubuta masa dubban wasanni, ka kunna ka tarar kaɗan ne ake ta maimaitawa, in ya ƙi yi ka hura masa iska. Hayar ma ta kujera ce a gidan gem, ka biya kuɗin wasa ɗaya ka tashi. Gogewa da sake ɗauka kuwa a kaset ɗin bidiyo muka koye su, musamman bayan Turmin Danya na 1990 ya buɗe kasuwar fim ɗin Hausa. Da PlayStation 2 ta yawaita, masu gyara suka gano hanyar loda mata wasa daga filas, ba tare da wani kamfani ya ba su izini ba.

Dattijon dai bai gamsu ba, ya ce Japanawa da yardar mai kaya suka yi nasu. Sannan ya zaro kuɗi ya biya, ya ce a ƙara wa yaron na ƙwallo.