Aljanu, Ɓarayi da Maɗaba'a a Bayan Ganuwar Zazzau

Duk wanda ya fita daga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ya bar ganuwa a bayansa, ya miƙe hanyar Gaskiya wajen Tukur-Tukur, to, ko ya sani ko bai sani ba, yana taka ƙasar da ƙagaggen labarin Hausa ya yi rarrafe a kanta har ya miƙe. Domin kuwa a wannan gari ne aka fara kama aljanu da matsafa da ɓarayi, waɗanda tun fil azal mazauninsu bakin tsofaffi ne da zaurukan hira, aka jera su cikin baƙaƙen boko, aka tace su, aka aika da su makarantu daga Sakkwato har Adamawa. Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, a damanar bana wani ɗan ƙanena ya kawo mini tarin littattafan da samari ke karantawa yanzu, na yaƙe-yaƙen sadaukai da bokaye, da na 'yan fashi da masu farautarsu, na kuwa karanta su ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan na ji wasu dattawa, sa'o'ina, suna aibata su a majalisa da cewa baƙon abu ne da finafinai suka jawo mana. Ban yarda da wannan hukunci ba, hujjata kuwa tana nan cikin tarihin garin nan.

Kafin Turawa, Zazzau gari ne na karatu, kuma unguwanni irin su Juma da Kona sun shahara da malamai tun zamanin da ba wanda ke raye ya gani. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai, ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, in ya yi nisa cikin lugga sai malaminsa ya buɗe masa Maƙamatul Hariri, a nan kuwa zai haɗu da Abu Zaidi, wannan tsoho mai zalaƙa da wayo, wanda yau za ka same shi yana wa'azi har jama'a su yi kuka, gobe ka same shi a wani gari da wata kama yana yaudarar alƙali. Malamai suna karantar da littafin don balaga da kalmomin Larabci masu wuya, amma babu almajirin da ya taɓa wucewa ta cikinsa bai ji daɗin makircin tsohon ba. A cikin gida kuma, bayan an yi Isha'i an kau da akushi, akwai Gizo da Ƙoƙi, da Dodo, da 'yar da aka kai wa aljanin kogi. Ga kuma labaran Sarauniya Amina da duwatsun Kufena da Turunku, waɗanda kowane yaron birni ya tashi da su a kunnensa. Sai dai al'ada ta raba wa kowane rukuni muhallinsa: alƙalami da tawada na ilimi ne, tatsuniya kuwa ta dare ce, ta mata da yara, har akan tsorata yaro da cewa in ya yi ta da rana zai ɓata.

Wannan katanga ce Dakta Rupert East ya tarar a gabansa. Shi ne shugaban Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya a farkon shekarun 1930, daga baya ta zama Hukumar Talifi. Da ya ga yara suna fita daga elemantare sun iya karatun boko alhali babu abin da za su karanta don nishaɗi, sai a 1933 aka sa gasa, ya kuma zaga manyan garuruwa yana roƙon malamai su ƙago labarai su rubuta. Shi da kansa ya bayyana daga baya irin wahalar da ya sha wajen shawo kansu, domin a ganin malami mai mutunci, a zauna a shirya abin da bai faru ba a kuma rubuta shi, wasa ne da bai dace da rawani ba, in ma bai kai ga ƙarya ba. Waɗanda suka amsa galibinsu matasa ne da suka haɗa karatun zaure da na Kwalejin Katsina ko makamancinta, aka kuwa fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East.

A nan nake so masu aibin nan su tsaya su yi nazari da adalci, su dubi abin da ke cikin waɗannan biyar da suke kira littattafan tarbiyya. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar gida don neman wani ruwa na magani da babu shi a duniyar mutane sai a wajen aljanu, kuma duk tsawon tafiyar shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ƙulla wa juna sharri daga gari zuwa gari, bisa salon da mawallafin bai ɓoye cewa daga Hariri ya koyo shi ba. Ganɗoki ya soma da yaƙin gaske, na zuwan Nasara ƙasar Kwantagora, amma kafin mai karatu ya ankara sai ga jarumin cikin ƙasashen aljanu yana sara da suka. Idon Matambayi labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Jiki Magayi kuwa, wanda a ra'ayina shi ne mafi tsanani a cikinsu, labarin fansa ne tsantsa: attajiri Malam Shehu ya ƙwace Zainab daga hannun Abubakar da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga daji ya sha azaba don neman asirin da zai rama, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya lalace ya zama ɓarawo, har ƙaddara ta kai hannunsa ga mahaifinsa bai sani ba. Shehu Umar kaɗai ya tsaya kan turbar duniya kamar yadda take, da bauta da ƙetare Hamada. Ashe huɗu cikin biyar na kakannin adabinmu, sihiri ne da sata da jini.

Ina tuna ranar da na fara gane ƙarfin wannan abu. Ina aji huɗu, an ba mu Ruwan Bagaja aro daga makaranta, bangonsa ya riga ya tsufa har wani ya ɗinke shi da zaren saƙa. Da dare na zauna a soron gidanmu kusa da fitilar ƙwai ina karantawa a hankali, ina motsa leɓe, sai kakata, wadda ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, me kake ta murmushi kai kaɗai kamar mai iska? Ɗaga murya mu ji." Na ɗaga. Kafin in kai ƙarshen babi matan gida sun kewaye ni, wata da goyo, wata da faifan da take ɗinki, har kawuna, wanda almajirin fiƙihu ne mai kamun kai, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman takalminsa bai kuwa tafi ba. Da kananzir ya ƙare, kakata ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu, kada ka karanta gaba sai na gama sallah." Ni dai ban ga wata shaida da ta fi wannan ba a kan cewa abin namu ne.

A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina ya zo Zariya ya yi watanni yana aiki tare da East, aka tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, daga ciki ya fitar da Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Masu bincike sun bi sawun labaran sun gano wanda ya fito daga Alfu Laila, da wanda ya fito daga Kalila wa Dimna, da wanda ya fito daga tatsuniyoyin Jamus. Amma wa zai ji akun da ke cikin littafin yana jan hankalin Musa ɗan sarki dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, ya ce wannan ba fadar Hausa ba ce? Dabarar riƙe mai sauraro da zullumin abin da zai biyo baya, wadda marubutan yau ke taƙama da ita, ita ce ƙashin bayan juzu'in farko gaba ɗaya. A Janairun 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Imam a matsayin edita, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, sai Zariya ta zama wurin da ake rubutawa, a gyara, a buga. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci da hukumar talifi ta NORLA, aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalin jaruminsa daga almarar Rasha yake, da Da'u Fataken Dare na Tanko Zango. Bayan an kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966 kuma, Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya hau da shi sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata.

Akwai wani nau'i guda da ya daɗe bai yi saiwa a wajenmu ba, na kuwa jima ina tunanin dalili, wato labarin mai bincike, wanda ake tarar da gawa a farko, wani mai basira ya yi ta tara alamomi har ya nuna mai laifi a ƙarshe. Ba rashin sanin firasa ba ne, domin malamanmu suna ba da hikayoyin Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra, kuma ƙauyukanmu suna da masu bin sawu da ke gane ɓarawo daga takunsa. Abin da na fahimta shi ne, a labarin Bahaushe alhaki ne ke bin sawun mai laifi, kuma mai karatu yakan san wanda ya aikata tun da wuri, abin da yake jira shi ne ya ga ta inda sakayya za ta ɓullo. Ko a Alfu Laila, sa'ad da Haruna Rashidi ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya nemo wanda ya kashe matar da aka tsamo cikin akwati daga kogin Dijla, wazirin bai bincika kome ba, mai laifin ne ya kawo kansa. Jiki Magayi ma a kan wannan ginshiƙi yake tsaye. Sai bayan Yaƙin Basasa, da bindiga ta yawaita a hannun mutane, 'yan sakandare kuma suka shaƙu da littattafan James Hadley Chase, sannan muka ga wani sabon launi: a 1982 aka fitar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, inda Mailoma, tsohon soja, ya tara gungun 'yan ta'adda. Wannan na biyu, duk da zafinsa, ban san littafin Hausa da ya fi shi nuna abin da yaƙi ke bari cikin zukatan waɗanda suka dawo daga gare shi ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 kasuwar ta koma Kano, marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, aka sami irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini, yanzu kuma yawancin karatun ya koma cikin waya. Tarin da ɗan ƙanena ya kawo mini jikokin Ganɗoki ne da Da'u, ba ni da shakka. A wasu na tarar da ƙarfin ƙirƙira da ya sa na manta da shayina har ya huce, musamman wani da ya gina birnin matsafa a ƙarƙashin teku da ƙofofinsa da dokokinsa da sarautunsa. Abin da ya dame ni daban ne da abin da ya dami abokaina. Na ga jarumi an kashe shi a juzu'i na biyu ya dawo a na huɗu ba tare da bayani ba, na ga yaƙi guda an maimaita shi sau uku da sunaye daban, na ga an rubuta ƙ da k kamar harafi ɗaya ne, na ga jimlolin da in ka kasa kunne za ka ji Ingilishi ko fassarar fim na motsi a ƙarƙashinsu. Waɗannan ba laifin aljanu ba ne, rashin mai gyara ne. Imam ya sha faɗin yadda East ya zauna da shi yana mayar masa da rubutu, ya soke, ya sa a sake, har ya koyi sana'ar. Wannan zama na mutum biyu a kan takarda ɗaya shi ne abin da Zariya ta ba adabin Hausa, shi ne kuma abin da ya yi ƙaranci da aka bar kowa da alƙalaminsa da maɗaba'ar da ya iya biya.

Da yaron ya dawo karɓar littattafansa na tambaye shi, "Ɗana, ka taɓa karanta Jiki Magayi?" Ya ce, "A'a, Baba, a makaranta dai an ambata mana sunansa don jarrabawa." Na shiga ɗaki na ɗauko nawa, bugun NNPC, wanda takardunsa suka yi ja don tsufa, na ɗora masa a kan tarin nasa. Bayan kwana biyu, da hantsi, sai ga shi ya yi sallama a zaure da littafin a hannu, ya durƙusa ya gaishe ni, bai ko gama gaisuwar ba ya ce, "Baba, don Allah, shi wannan John Tafidan, ya rubuta wani bayan wannan?"