Motar Bodin Katako a Ƙasar Daura da Batun Ceto Ɗaya Daga Cikinsu

Duk wanda ya haura shekara sittin cikin masu karanta wannan mujalla, in dai ya bar gida da ƙuruciya don neman ilimi ko sana'a, da wuya a ce ba motar bodin katako ce ta fara fitar da shi daga Daura ba. Yau muna da gine-gine da kayan sarauta da ke ba da labarin ƙarnuka masu nisa, tun daga rijiyar Kusugu har zuwa fada, amma wannan mota da ta sauya rayuwar iyayenmu cikin shekaru kaɗan, ba mu ajiye mata komai ba sai hira.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, shekarar da Sarkin Daura Abdurrahman ɗan Musa, Allah ya jiƙansa, ya hau karaga. Da isowar jirgi cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman ƙasar Daura kuma suka shiga cikinsa gadan-gadan. Sai dai dogo bai biyo ta wajenmu ba, saboda haka jakuna da raƙuma ne suka fara ɗaukar buhunan zuwa Kano, sannan a hankali mota ta karɓe su. Kafin Sarki Abdurrahman ya rasu a 1966, hanyar da ta taso daga Kano ta Kazaure, ta ratsa Daura, ta fita Kongolam zuwa Matamaye da Damagaram, ta riga ta zama ta manyan motoci. Ke nan zamanin sarki ɗaya ne ya ga ayari ya koma tasha.

Abin da matasa ba su sani ba shi ne, rabin wannan mota kaɗai aka ƙera a Turai. Bedford da Austin da Morris daga Ingila suke, Mercedes kuma daga Jamus, amma abin da ɗan kasuwa kan saya shi ne shasi da inji da ƙafafu da hancin mota. Sauran aikin na kafintocin gida ne. Su ne ke gicciya manyan katakai a kan shasi su ɗaure da noti, su shimfiɗa daɓe, su ta da haƙarƙari, su yi ƙofar baya da tsani da maratayar tamfol. Sau da yawa har gidan direba da ƙyamarensa da katako ake haɗawa. Katakon kirki daga kudu ake kawo shi, musamman loko, saboda gara ba ta cika cinsa ba. Gwanin kafinta kuwa ba ya ɗaure bodi ƙam-ƙam kamar akwati, yakan bar masa ɗan sassauci, don hanyoyin lokacin duk gargada ce, bodin da ba ya bin motsin shasi kuma bai daɗewa yake tsagewa. Bayan kafinta sai mai fenti, wanda zai zana furanni da zaki ko dawisu, ya rubuta addu'a ko karin magana a goshin mota. Da wannan rubutu ake sanin mota a tasha, ba da lambarta ba.

Fasinja da kaya tafiyarsu ɗaya. Mai hali ya biya ƙari ya zauna gaba kusa da direba, sauran jama'a su jeru a benci ko bisa buhuna. Karen mota na maƙale a baya da waigi a hannu, yana jiran hawan tudu. Idan batir ya yi sanyi, shi ne zai zura ƙarfe ta hancin mota ya murɗa har inji ya tashi, aikin da ya karya hannun yara ba ɗaya ba. Wayoyin motar ba su da yawa: fitilu, hon, dainamo da abin tayarwa. Shi ya sa direban kirki kan gano matsalar wuta shi kaɗai a tsakiyar daji, da fitilar hannu da wuƙa.

Abubuwa da dama ne suka taru suka kawar da ita. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocin Ingila masu sitiyari a dama suka zama tsohon yayi. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe cinikin da ke ciyar da su. A 1975 ɗin ne kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuɗin man fetur ya kawo kwalta, fasinja suka koma a-kori-kura da ƙananan bas, daga bisani hayis. Bodin katako ya tsira a kan irin su Mercedes 911 mai dakon hatsi da shanu daga kasuwanni irin ta Mai'aduwa. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan gyara suka yi tsada, makanikai suka shiga aro daga wannan mota suna liƙa wa waccan. Mun yaba wa basirarsu, amma ita ce ta sa samun tsohuwar mota da kayanta na asali ya zama jan aiki.

To, me ake bukata kafin a farfaɗo da guda ɗaya? Da farko a sauke komai har sai shasi ya fito tsirara, a kankare tsatsa, a duba ko ya lanƙwashe. Hancin mota da sauran sassan ƙarfe aikin mai kwankwasa ne da mai walda, kuma ra'ayinmu shi ne a yanke ruɓaɓɓen wuri a faci da ƙarfe, kada a cike shi da ƙullun da ake shafawa kafin fenti, don zafin bazararmu yana fasa shi. Wayoyi kam tilas a sake su baki ɗaya, saboda rigarsu ta bushe, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya cinye motar katako. A nan akwai tarko: yawancin motocin Ingila na kafin tsakiyar shekarun 1960 kan batir mai alamar tarawa ake haɗawa da jikin mota, saɓanin motocin yanzu, yaron da bai san haka ba kuwa zai ƙone kaya tun ranar farko. Kafin a cizge tsohuwar waya ko a ɓamɓare katako ɗaya, a ɗauki hoto, a auna, a sa lamba. Wanda gara ta ci a sake shi da irinsa, mai lafiya a bar shi da tabonsa. Ba ma goyon bayan a sa mata sabon inji ko kujerun soso don a burge baƙi.

Wasu za su ce ga rijiyoyi da azuzuwa na jiran kuɗin ƙungiya, kuma gaskiyarsu ne. Amma wannan aiki ba ya jira. Turawan da suka ƙera injunan nan sun ajiye tsofaffin bas ɗinsu a gidan tarihin sufuri na birnin Landan, mu kuwa 'yan gwangwan na bin garejoji suna saye a kan sikeli. Kafintoci da direbobin da suka san sirrin aikin kuma duk sun manyanta. Ga shi an aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura a Disambar 2019, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi wanda ya biyo ta ƙasarmu. Ɗaliban da za su karanci sufuri a garin nan sun cancanci su ga motar da ta fara haɗa shi da Kano, su taɓa ta da hannunsu.

Abin da muke roƙon 'yan uwa mazauna Kano da Kaduna da Zariya da Jos, inda gawarwakin irin waɗannan motoci suka fi yawa, shi ne duk wanda ya ga Bedford ko Austin mai shasi lafiyayye a bayan wani gareji, ya tambayi mai ita, ya ɗauki hotonta, ya sanar da sakatariyar ƙungiya kafin babban taro mai zuwa. Waɗanda kuma iyayensu suka yi tuƙi ko kafintan bodi, su zauna da su in sun zo gida hutun salla, su naɗi bayaninsu, musamman awon katakai da irin notin da ake ɗaure su da shi.