Waƙoƙin yara a Zamfara: asalinsu da abin da suka ƙunsa

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran ƙasar Hausa, yaro kan fara jin waƙa ne tun yana goye.

Waƙoƙin reno da na gaɗa da na tashe ba su da sanannen mawallafi. Ana gadonsu ne daga baki zuwa baki, kowane zamani yana ragi yana ƙari.

Masana adabin baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun daɗe suna nazarin waƙoƙin baka a matsayin taskar tarihi da tarbiyya.

Sawun tarihi

Ambaton dodo da iskoki da ake ji a wasu waƙoƙin, ana danganta shi da zamanin da Musulunci bai gama kafuwa ba. Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu na cikin wuraren da suka shahara da bautar gargajiya a wancan lokaci.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804. Daga bisani 'yarsa Nana Asma'u ta yi amfani da waƙa wajen ilmantar da mata ta hanyar 'Yan Taru.

Shi kuwa tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kai kwana 10, an ce ya samo asali ne daga al'adar tayar da mutane domin sahur.

Abin da baki ba ya faɗa

Sau da yawa waƙar yaro saƙo ce ga babba.

Mai reno kan lallashi jariri alhali tana yi wa kishiya ko miji habaici, domin abin da kunya ta hana a faɗa a fili, waƙa na iya ɗaukarsa.

A wasan tashe na Mairama da Daudu, 'yan mata kan yi shigar miji da mata suna kwaikwayon zaman aure. Tashen gwauro kuma zolaya ce da ke matsa wa marar mata ya yi aure.

Sai dai ba kowace fassara ce abin dogaro ba. A Ingila an daɗe ana cewa wata shahararriyar waƙar yara tana nuni ne ga annobar da ta afka wa Landan a 1665, amma masana sun yi watsi da hakan, ganin cewa sai a 1881 aka fara buga ta a ƙasar.

Makomar dandali

Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya adana wasu wasannin yara a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, amma mafi yawan waƙoƙin suna zukatan tsofaffi ne kawai.

Waƙoƙin finafinai da wayar salula sun janye hankalin yara. Hare-haren 'yan bindiga kuma, waɗanda suka addabi Zamfara tun wajejen 2011, sun raba dubban iyalai da ƙauyukansu, sun kuma sa wasan dare a dandali ya zama kasada a wurare da dama.

Waƙar da ba a rubuta ba, idan aka daina rera ta, takan tafi ne tare da wanda ya haddace ta.