Yadda Kotunan Ingila Suka Shekara Ɗaruruwa Suna Shari'a da Harshen Baƙi

A shekarar 1631, a garin Salisbury da ke kudancin Ingila, babban alƙali Thomas Richardson na zaune yana sauraron shari'o'in manyan laifuka, sai wani fursuna da aka riga aka yanke wa hukunci ya rarumi gutsuren tubali ya jefe shi. Saura ƙiris ya same shi. Kotu ba ta tashi ba sai da aka rubuta wa mutumin sabuwar tuhuma, aka sare masa hannun dama aka kafe a jikin gungumen rataya, shi ma aka rataye shi nan take.

Ɗaliban shari'a suna tuna wannan rana har yau saboda yadda aka rubuta labarinta. Marubucin ya soma da Faransanci, kamar yadda lauyoyin Ingila suka saba, amma da ya iso kan tubalin da kuskuren jifar sai Faransancinsa ya ƙare. Ya cusa kalmomin Ingilishi a tsakiyar jimla, ya yayyafa na Latin, ya ci gaba abinsa. Rubutun ya fito a gefen shafi cikin bugun 1688 na rahotannin shari'a na alƙali James Dyer. Alƙali ɗan Ingila ne, fursuna ɗan Ingila ne, 'yan kallo ma haka, amma labarin shari'arsu yana cikin harshen da babu uwar da take yi wa ɗanta magana da shi a ƙasar.

Da can ba haka abin yake ba. Dokokin Sarki Ethelbert na ƙasar Kent, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 600, da tsohon Ingilishi suke, kuma yawancinsu jerin diyya ne: wanda ya ƙwaƙule wa wani ido zai biya sule 50, babban yatsan hannu sule 20, haƙoran gaba huɗu sule 6 kowanne. Ran mutum ma yana da farashi gwargwadon matsayinsa, wanda suke kira “wergild”. A ƙasar Wessex diyyar talaka mai 'yanci sule 200 ce, ta basarake kuwa 1,200. Daga wannan zamani ne Ingilishi ya gaji “thief” ga ɓarawo, “steal” ga sata, “oath” ga rantsuwa, “witness” ga shaida, da “gallows” ga gungumen rataya. Ita kanta “law”, wato doka, mayaƙan Viking ne suka shigo da ita lokacin da suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar.

Ranar 14 ga Oktoba, 1066, William na Normandi ya ci Sarki Harold da yaƙi a kusa da Hastings, aka naɗa shi sarki ranar Kirsimeti. Cikin shekara 20 kusan duk manyan filayen ƙasar sun koma hannun baƙi masu jin Faransanci. 'Yan ƙasa ba su karɓe su hannu bibbiyu ba, sai aka riƙa tsintar gawar Banormande a daji ko bakin hanya ba a san wanda ya kashe shi ba. William ya ɗora tara mai nauyi, mak 46 na azurfa, a kan duk gundumar da aka tsinci irin wannan gawa muddin ba su fito da makashin ba. Sunan tarar “murdrum”, daga tsohuwar kalmar da ke nufin kisan ɓoye, kuma ita ce ta ba “murder” gindin zama a kotu. Mafitar mutanen gunduma guda ce: su kawo dangin mamaci su tabbatar cewa ɗan Ingila ne. In sun tabbatar, babu tara. Sai a 1340 aka soke wannan tsari.

Tattaɓa-kunnen William, Sarki Henry na Biyu, shi ya kafa harsashin kotunan da aka sani yau. A dokarsa ta Clarendon ta 1166 ya umarci mutum 12 daga kowace gunduma da mutum 4 daga kowane ƙauye su rantse su faɗa wa alƙalan sarki sunayen waɗanda ake zargi da kisa, fashi ko sata. Wanda aka ambata sai a ɗaure shi a jefa cikin ruwan da limamin coci ya yi wa addu'a. In ya nutse, ruwa ya karɓe shi, ba shi da laifi, sai a janyo shi. In ya taso sama, ya shiga uku. A 1215 babban taron coci da Paparoma Innocent na Uku ya kira a Roma ya hana limamai sa hannu a wannan gwaji, dole alƙalai suka koma ga rantsattsun maƙwabta don su faɗi gaskiyar magana. Ana kiran su “jury”, daga kalmar Faransanci ta rantsuwa, abin da suka yanke kuma “verdict”, wato faɗar gaskiya.

Daga nan kalmomin masu mulki suka mamaye zauren shari'a. “Court”, “judge”, “justice”, “crime”, “accuse”, “arrest”, “bail”, “prison”, “sentence”, “appeal”, “pardon”, duk ta Faransanci suka shigo. Ɓarawo da gungumen da za a rataye shi sun riƙe sunayensu na gida, amma kusan duk matakin da ke tsakanin kamu da rataya ya ɗauki sunan baƙi. Latin kuma ya riƙe takardu: da shi aka rubuta Magna Carta a 1215, daga gare shi aka sami “habeas corpus”, umarnin a kawo wanda ake tsare da shi gaban alƙali, da “alibi”, hujjar wanda ake tuhuma cewa yana wani wuri lokacin da aka yi laifin.

Abin mamaki, Faransancin kotu ya yi ƙarfi ne daidai lokacin da yake mutuwa a gidajen sarauta. Jikokin Normandawa sun koma jin Ingilishi, lauyoyi kuwa suka riƙe tsohon harshen gam. Littattafan shekara-shekara da suke tattara muhawarorin kotu, tun daga ƙarshen ƙarni na 13 har zuwa 1535, da shi aka rubuta su. Hujjarsu ita ce harshen da ba a ciniki da shi a kasuwa ma'anar kalmominsa ba ta zamewa. Akwai kuma hujjar da ba su cika faɗa ba: wanda bai ji harshen ba, tilas ya ɗauki lauya.

A 1362, zamanin Sarki Edward na Uku, majalisa ta yi doka cewa a riƙa muhawara a kotu da Ingilishi, domin mutane ba sa fahimtar abin da ake faɗa a kansu, na kariya ko na tuhuma. Sai dai dokar ta ce a ci gaba da ajiye rikodin shari'a da Latin, ita kanta kuma da Faransanci aka rubuta ta. A 1650, bayan an fille wa Sarki Charles na Ɗaya kai, majalisar juyin juya hali ta umarci a mayar da littattafan doka da takardun kotu Ingilishi. Sarauta na dawowa a 1660 lauyoyi suka koma gidan jiya. Sai dokar da aka zartar a 1731, wadda ta soma aiki a 1733, ta kori Latin da Faransanci daga takardun kotu, shekara 667 bayan Hastings.

A tsawon waɗannan ƙarnoni kalma guda tana iya zama iyaka tsakanin rayuwa da igiya. Laifin da aka kira “felony” hukuncinsa kisa ne, kuma dukiyar mai laifi ta zama ganima ga sarki ko ubangidansa. Satar abin da ya wuce kwabo 12 tana cikin wannan aji. Ƙaramin laifi, “misdemeanour”, tara ce ko bulala ko ɗauri. Tun da ba a iya yi wa mutum shari'a sai ya amsa tuhuma, wasu sukan yi gum don kada a ƙwace gadon 'ya'yansu. Maganin da kotu ta samo shi ne a kwantar da mutum a riƙa ɗora masa duwatsu ko ƙarafa a ƙirji har ya yi magana ko ya cika. Sunan wannan azaba ma na Faransanci ne, kuma ba a soke ta ba sai 1772.

Akwai kuma rangwamen malaman coci. Asalinsa limamai ba sa gurfana gaban alƙalan sarki, kuma tun da a lokacin kusan su kaɗai ke da karatu, sai gwajin ya zama a miƙa wa wanda ake tuhuma littafi ya karanta. Yawanci farkon sura ta 51 ta Zabura ake buɗe masa, da Latin. Nan da nan ɓarayin da ba su san ko harafi ɗaya ba suka haddace wurin a kurkuku, har aka yi masa laƙabi da ayar ceton wuya. Marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson ya kashe ɗan wasa Gabriel Spencer a faɗan takobi a 1598, ya karanta, ya tsira, aka yi masa lalas a babban yatsa don kada ya sake cin moriyar rangwamen. An daina gwajin karatun a 1706, an soke rangwamen gaba ɗaya a 1827.

Wannan tarin kalmomi ne Turawan mulkin mallaka suka iso da shi ƙasar Hausa, inda suka tarar da wani tarin da ya riga su zama. Alƙali, shari'a, hukunci, shaida, diyya, haddi da ƙisasi daga Larabci suke, ga kuma dogari da yari na gida. A kansu aka ɗora kotu, lauya, joji, majistare, beli, sammaci, waranti, fursuna da caji ofis. Da yawansu tafiya biyu suka yi, daga Normandi zuwa Landan, daga Landan zuwa Kano. A Nijar kuwa Faransanci ya shigo kai tsaye, ya bar irin su jandarma.

A 1904 gwamnatin Lugard ta kafa wa Arewa kundin laifuka da aka kwaikwayo daga na jihar Queensland ta Ostareliya, aka shimfiɗa shi a duk Nijeriya a 1916. Sashe na 419 na wannan kundi, mai magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, shi ya ba 'yan damfara sunan da duniya ta san su da shi. Kotunan sarakuna da na alƙalai suka ci gaba da hukunci da fiƙihun Malikiyya, sai tsarin biyu suka yi karo a 1947. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa kisan ganganci. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta duba ta ce an tunzura shi, saboda haka a kundin Turawa laifinsa “manslaughter” ne, wanda ba a kashe mutum a kansa, ta soke hukuncin. Sarakuna da alƙalan Arewa ba su ji daɗi ba, kuma taƙaddamar ta ja har jajiberin 'yancin kai.

A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Norman Anderson na Jami'ar Landan. Shawararsu ta haifi kundin Penal Code, wanda ya soma aiki a 1960. An gina shi a kan na Sudan, shi kuma a kan na Indiya na 1860 wanda Thomas Macaulay ya tsara. Shi ya sa har yau takardar tuhuma a Legas takan ce “murder”, ta babbar kotu a Arewa kuma takan ce “culpable homicide punishable with death”, wato kisan kai da ake hukuntawa da kisa.

Su Ingilawa sun ci gaba da share gidansu. A 1967 suka soke bambancin “felony” da “misdemeanour”, wanda har yanzu yake aiki a Amurka da kudancin Nijeriya. A 1999 gyare-gyaren Lord Woolf suka sauya sunan mai ƙara daga “plaintiff” zuwa “claimant”, suka rage Latin a shari'o'in da ba na laifi ba. Duk da haka, in majalisar dokoki ta zartar da doka, amincewar sarki da tsohon Faransancin Normandi ake rubuta ta a jikin dokar. Nijeriya ma ta taɓa nata sunaye a 2019, lokacin da sabuwar doka ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali.

Matsalar da majalisar 1362 ta hango tana nan a manyan kotunan Nijeriya, inda Ingilishi ne harshen aiki. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a bayyana masa laifinsa da harshen da yake ji, a kuma samar masa tafinta kyauta. Mai shaida yakan yi bayani da Hausa, tafinta ya juya, alƙali ya rubuta da Ingilishi. Shari'ar da aka yi da Hausa a kotun shari'ar Musulunci ma sai an fassara rikodinta kafin ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Alƙalan da ke can sama ba sa ganin mai shaida, ba sa jin muryarsa, da abin da tafinta ya zaɓa aka rubuta suke yanke hukunci.